Babin da na tsallake wa Baba

Shekarar da idon Baba ya rufe gaba ɗaya, ina koyar da Faransanci a wani kolej, ina zaune tare da shi da Inna a gidanmu na unguwar Lazaret a Yamai. Baba mushen lakkwal ne, wato malamin makaranta, da ya yi ritaya, mutumin ƙasar Dogon Dutsi. Ya yi shekara talatin da ƴan kai yana yawon ƙauyuka da alli a hannu kafin ya zauna Yamai. Ciwon idon a hankali ya ci shi, kuma bai cika ƙorafi ba. Abin da ya tayar mana da hankali shi ne ranar da ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar ɗaki, bakinsa ya ɗan karkace. Ya murmure, amma likita ya ce tansiyonsa ta hau sosai, wato hawan jini ne, a kiyaye kada ransa ya ɓaci.

Wannan magana guda ta likita Yayanmu ya ɗauka ya yi mata rassa. Yaya shi ne ɗan fari, yana da gidansa da iyalinsa, amma kusan kullum sai ya biyo bayan ya tashi aiki. Ya cire batir daga rediyon Baba, ya ce a gaya masa ta lalace. Duk wanda ya zo gaisuwa, ko fasto ne daga majami'armu, sai an tare shi a bakin ƙofa an gaya masa abin da ba a faɗa a cikin gidan: ba rasuwa, ba siyasa, ba tsadar hatsi. Inna ta yarda. Ni ma na yarda, ba zan ɗora wa Yaya shi kaɗai ba. Na ga Baba kwance a ƙasa da idona, kuma ba na so in sake gani.

Abu ɗaya da dokar ba ta taɓa ba shi ne karatu. Kowace yamma in na dawo, zan fito masa da kujerarsa ƙarƙashin dogon yaro, in zauna a tabarma in karanta masa wani abu har magariba.

Baba yana da amini guda, muna kiransa Baban Saga. Musulmi ne, haifaffen Yamai, Zabarmanci ya sha a nono. Hausa a kasuwa ya fara tsinta, sa'an nan ya ƙarasa ta a ƙauyukan Arewa, ƙasar su Baba, inda suka koyar tare da Baba suna samari. Da ya bar aiki sai ya koma Saga, can gefen Yamai a bakin kogi, yana noman shinkafa. Hausarsa tana da ƙamshin Zabarmanci, ya kan maida namiji mace, mace namiji, amma karin magana kam ban ga wanda ya kai shi tarawa ba. Wata Asabar ya zo da leda ɗauke da kaye bakwai, littattafan rubutu irin na ƴan lakkwal, a cike da rubutun alƙalamin bik. Ya ce labari ne ya rubuta, da Hausa, ba wanda ya gani tukuna. Ya ce in karanta wa abokinsa, in an gama zai zo ya ji hukunci. Na lura ya rame, sai ya ce aikin fadama ne.

Labarin na wani birni ne a bakin kogi, a wani zamani da bai zo ba tukuna. A birnin akwai wani ofishi mai aikin gyara bakin mutane. Kowane farkon wata sai a manna takarda a ƙofar kasuwa, da jerin kalmomin da aka soke. An fara da "yunwa", aka ce a riƙa cewa "marmari". Aka soke "me ya sa". Daga baya aka hana karin magana ɗungurungum, wai magana ce mai fuska biyu, hukuma ba ta san wadda za ta kama ba. Sai mutanen birnin suka koma faɗin rabi. Mai sayar da kifi zai ce "Kome nisan jifa" ya yi shiru, mai saye ya gyaɗa kai. Ba a kama mutum da rabin magana. Baban Saga ma haka ya gina littafin: kowane babi da farkon karin magana yake rufewa, babi na gaba ya buɗe da ƙarshenta.

Ni labari kawai nake gani. Baba kuwa wani abu yake ji a ƙarƙashinsa. Ba na yin shafi biyu bai ɗaga hannu ya tsayar da ni ba. Shugaban ofishin nan mai sosa kunne da makulli, ya ce daraktansu ne na makarantar horon malamai. Waƙar da matan birnin suke yi a bakin turmi don su sanar da juna an zo kame, ya ce waƙar daka ce ta wani ƙauye da suka zauna, an canza kalma biyu kacal, ya rera mini ta asalin da muryarsa ta tsufa. Wani wurin kuma ya ce an ɗauko shi daga tatsuniyar da wata tsohuwa mai dafa musu tuwo take yi, sai dai abokinsa ya juya ta, wanda ya ci nasara a tatsuniyar shi ne ya sha kashi a nan. Yana dariya har da tari. Inna ta ce rabonta da jin wannan dariyar tun kafin ciwon.

Muna cikin kaye na uku labari ya zo cewa Baban Saga ya rasu. Ashe ciwon hanta ne, ya daɗe da sani. Yaya ya tara mu a bayan madafa ya ce Baba ba zai ji ba, sai jikinsa ya ƙara ƙarfi. Shi da Inna suka je jana'iza, aka ce wa Baba sun tafi kasuwar Katako neman katakon gyaran ƙofa. Aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai, duk da wata ƙarya aka rufe su. Ni kuma kowace yamma ina zaune ina karanta masa rubutun mamaci. Ya kan ce, in mutumin nan ya zo zan gaya masa babin nan ya yi tsawo. Ni kuma in ce to, Baba.

Tun daga nan na fara leƙa gaba kafin in karanta masa, don kada wani abu ya zo mini ba zato. A kaye na huɗu na tarar da babin. Wani jami'in ofishin ya zo wata makarantar ƙauye da umarni a cire shafi biyu daga littafin karatun manyan aji. Malamai biyu ne a makarantar. Ɗaya ya ƙi. Ɗayan ya zauna a gaban yara, ya sa reza, ya bi littattafan ɗaya bayan ɗaya. Malamin bahago ne, yana ɗingishi kaɗan da ƙafar dama, kuma in zai fara magana sai ya ce "to, jama'a". Ban buƙaci kowa ya gaya mini cewa Baba ne ba.

Na sami Inna tana tsince shinkafa na tambaye ta. Ta ajiye faifan gefe. Ta ce an yi haka, tun Yaya yana goye. Sufeton makarantu ne ya zo da mota. Baban Saga ya ce shi hannunsa ba zai yi ba, aka jefa shi can wani gari mai nisa a gabas, ya yi shekaru ba ƙarin girma. Baba ya yanka. Ta ce tun daga ranar ba ta taɓa jin su biyun sun tayar da zancen ba, kuma ta roƙe ni don girman Allah kada in karanta.

Da yamma na karanta babin da ke gabansa har ƙarshe, inda aka rufe da "In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta". Na haɗa shafukan babin malamin da yatsa, na juya su a tare a hankali don kada takarda ta yi ƙara, na ci gaba da muryar da na saba. Layin farko na babin da na faɗa a kai shi ne "daddawa ma da wari". Sai da ya fita daga bakina na ji abin da na yi.

Baba bai motsa ba. Ya bar ni na yi layi uku ko huɗu, sa'an nan ya ɗaga hannu.

"In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, daddawa ma da wari," in ji shi. "A wane gari ake faɗin haka?"

Na ce wataƙila Baban Saga ne ya ruɗe. Ya ce mutumin nan zai iya kiran saniya da "shi", amma bai taɓa aurar da kan wata karin magana ga wutsiyar wata ba. Ya ce tsakanin gemu da daddawa akwai "shafa wa naka ruwa", akwai "in ɓera da sata", kuma tsakanin waɗannan biyun akwai babi guda cur. Ya miƙo hannu na ba shi kayen. Ya bi gefen shafukan da yatsa, yana neman inda aka yaga. Da ya ji ba a yaga ba sai ya mayar mini.

"To, da sauƙi. Ke da baki kika yanka. Koma baya, ɗiyata."

Na ce likita ya hana abin da zai ɓata masa rai. Ya ce likita jijiyarsa ya auna, bai auna abin da zai iya ɗauka ba. Inna tana tsaye a ƙofar madafa da ludayi a hannu tana girgiza mini kai. Na dube ta, na dube shi, na buɗe shafin.

Na karanta duka. Yadda yara suka yi tsit, yadda rezar ta dakushe a tsakiya har malamin ya wasa ta a bakin taga, yadda wata yarinya ta rungume littafinta sai da ya ɓamɓare yatsunta. A ƙarshen babin, malamin ya faki idon jami'in ya cusa shafukan a cikin hularsa, ya kai su gida ya ɓoye a tukunya. Ban tsallake ko kalma ba.

Na gama ke nan aka fara kiran salla a masallacin bayan gidanmu. Sa'an nan Baba ya ce duk gaskiya ne, har yarinyar, ban da hular. Abokinsa ya yi masa kara. Shi bai ɓoye kome ba. Ya tattara shafukan ya ɗaure da zare, ya miƙa wa sufeto da hannu biyu, har ya yi masa Allah ya kiyaye hanya. Ya ce abin da ke cikin shafukan ma ba wani abu ba ne, labarin wani ƙauye ne da suka ƙi ba da hatsinsu. Ya ce shekara arba'in yana jira mutumin nan ya faɗa masa a fuska, ashe a kaye ya ajiye. Gobe in nemo taksi, za shi Saga, ya gaya masa ya cire hular nan, ba ya son rancen mutunci.

Na shiga tattara kayen kamar ban ji maganar taksi ba. Ya juyo da fuskarsa wajen da nake.

"Mi kuma kuka yanke?"

Na san abin da Yaya ya ce, na san abin da likita ya ce. Na kuma san in na sake yin ƙarya a wannan lokacin, ba zai ƙara yarda da ko gaisuwata ba. Na matsa na riƙe hannunsa na ce, "Baba, Baban Saga ya rasu. Yau kwana ashirin da uku."

Inna ta saki ludayin ta zauna a dokin ƙofa. Baba bai yi kuka a lokacin ba. Ya tambayi ciwon, ya tambayi inda aka binne shi, ya tambayi ko wani daga gidan nan ya je. Na ce Yaya da Inna sun je. Ya ce ranar katako ke nan. Na ce e. Ya ce a kawo masa rediyonsa da batirinta, ya san ba abin da ya same ta, tun makon farko ya ji ta yi sauƙi a hannu.

Yaya ya shigo ya tarar da rediyo tana magana a cinyar Baba. Ya kira ni waje. Na ƙi fita, na ce duk abin da zai faɗa ya faɗa a nan, an gama zancen bayan madafa. Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya ce in wani abu ya sami tsohon nan, a wuyana yake. Na ce na ɗauka. Sai Baba ya sa baki, a hankali, ba tare da ya kama sunansa ba, don bai taɓa kamawa ba.

"Kai, saurara. Na san don ƙauna ka yi. Ni ma ranar da na ɗauki reza, kai nake dubawa a bayan uwarka, na ce don kai nake yi. Ban gode wa kaina ba har yau. Makanta ta ishe ni, kada ku ƙara mini kurumta."

Yaya ya ce shi dai ba zai kai shi Saga ba. Baba ya ce ba a tambaye shi ba.

Washegari na nemi izini a wurin aiki, na tare taksi. Inna ta ce ba za ta bar mu mu kaɗai ba, ta ɗauko mayafinta. Da muka bar kwalta muka gangara wajen fadama, Baba ya sa aka sauke gilashi, ya ce yana jin warin laka da ɗanyar shinkafa. Matar marigayin tana cikin takaba. Hausarta kaɗan ce, Zabarmancin Baba ma na gaisuwa ne, amma da ta gan shi a ƙofa riƙe da kafaɗata sai ta rufe fuska. Ta ce maigidan ya yi ta tambayarsa a kwanakin ƙarshe, ana ce masa ba shi da lafiya. Baba ya ce lafiyarsa lau, labari ne bai kai gare shi ba, kuma laifin gidansa ne, ya zo ya ba da haƙuri. Ƙanin marigayin ya kai mu makabarta. Ni da Inna muka tsaya daga waje. Na hango Baba tsaye a kan kabarin, hularsa a hannu, bakinsa yana motsi. Ya daɗe. Ban tambaye shi ko addu'a yake yi ko gardama ba.

Ba zan ɓoye abin da ya biyo baya ba. Kwana biyu da dawowarmu tansiyonsa ta hau, kansa ya yi ta sarawa, sai da aka kwantar da shi a asibiti kwana uku. Ina zaune a bakin gadon ina jin tsoro irin wanda ban taɓa ji ba. Yaya yana shigowa ya gaida Baba, ya gaida Inna, ya wuce ni kamar bango. Ya fi wata biyu bai yi mini magana ba. Ko a lokacin ban yi nadama ba, amma ban kuma iya cewa Yaya ba shi da hujja ba. Da abin ya zo da ƙarar kwana, da ban san yadda zan dubi Inna ba.

A rana ta biyu a asibitin Baba ya tambaya ko na zo da kaye na biyar. Na ce ban zo da shi ba. Ya ce gobe in zo da shi.

Muka ƙarasa littafin bayan an sallame shi. Ba ya dariya kamar da, amma bai daina tsayar da ni ba, kuma yanzu sai ya ce in rubuta abin da ya gano a wani kaye dabam, don in shi ma ya tafi ba mai sanin waƙar dakan nan daga ina take. Da izinin iyalin marigayin na buga labarin a na'ura, na bar Hausarsa yadda take. Na kai wa wani mai maɗaba'a da aka yi mini kwatance. Ya riƙe mako biyu, ya kira ni ya ce labarin ya yi kyau, amma birni a bakin kogi ya yi kusa da gida, mutane za su fassara shi yadda ba a nufa ba. A maida shi tsibiri a tsakiyar teku, a cire jerin kalmomin da aka soke, sai ya buga. Ba wanda ya aiko shi, shi da kansa ya ji tsoro, kuma na fahimce shi, don ni ma na taɓa haɗa shafuka da yatsa. Na kawo wa Baba maganar. Ya ce in karɓo takardunmu, mai littafin bai taɓa ganin teku ba.

Hular ma ba mu cire ba. Baba ya ce ba shi da ikon taɓa rubutun wanda ba ya nan ya kare kansa. Abin da ya yi shi ne ya zaunar da ni ya yi mini shifta ta shafi ɗaya da rabi, ya faɗi abin da ya faru a makarantar nan yadda ya faru, da zaren da ya ɗaure shafukan, da addu'ar da ya yi wa sufeto. Ya ce a sa shi a ƙarshe, a rubuta cewa daga malamin bahago ne.

Fotokofi muka yi, aka ɗinke da zare, guda goma sha biyu. Ɗaya ya tafi Saga, sauran suka shiga hannun tsofaffin malamai, abokan aikinsu na da. Wasu daga cikinsu suka fara zuwa gidanmu ranar Asabar da yamma, suna zama ƙarƙashin bishiya suna musu a kan wane ne wane a cikin labarin. Wani ya rantse shugaban ofishin ba daraktansu ba ne, wani sufeto ne dabam. Baba ya ce shi ya ga makullin da idonsa lokacin yana da ido. Ba mai tare kowa a ƙofa. A nan ya ji rasuwar mutum biyu daga cikin tsaransa, ya sa na kai shi gaisuwa duka biyun.

Ni da Yaya mun shirya, amma ba mu daidaita ba. Har yanzu in zancen ya taso ya kan ce caca na yi da ran tsoho, Allah ne ya rufa asiri. Ni kuma in ce ran nasa ne, ba namu ba. Maganin Baba dai shi yake kawowa, shi yake auna masa tansiyo kowace Lahadi bayan an taso daga majami'a, kuma in adadin ya hau, Baba ya kan sa shi ya faɗa da ƙarfi, ya ji da kunnensa.